Hoton kan bakwainiyata ya nuna jini, za ta yi tafiya kuwa?

Wata ƙanwarmu ce ta rubuto daga Tahoua, ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce ta haihu cikin yana sati 30, haihuwar fari, ɗiya mace, kilo 1 da giram 300. Sun yi sati biyar a asibiti jaririyar na cikin kuvez, akwatin gilashin nan mai ɗumama bakwaini. A satin farko aka yi mata ekografi ta maɗiga, likita ya ce akwai jini a ƙwaƙwalwa, mataki na 2, ya ce "sai mun gani" ya wuce wajen wani gadon. Yanzu yarinya na da sati 11, ba ta murmushi, wuya bai tsaya ba. Uwar miji ta ce wannan ba za ta yi tafiya ba ba za ta yi hankali ba, a kira wanzami ya cire mata beli a fara ba ta bauri. Maigidan kuma so yake ya sai da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi su taho Yamai a yi mata IRM, hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka a cikin babbar na'ura mai maganaɗisu, a san matsayinta. Ta rufe da cewa "Yaya ki faɗa min gaskiya, ɗiyata za ta yi tafiya? Wallahi ba na barci."

Ƙanwata sannu. Sannu da jego, sannu da jinya, Allah ya raya mana ita ya albarkace ta. Na yi aiki a sashen jarirai, na ga iyaye irinki suna tatsar nono a kofi da tsakar dare suna leƙen ƴaƴansu ta bayan gilashi, don haka ba zan lallashe ki da maganar da ba ta da tushe ba.

Kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta. Babu likitan da zai kalli hoton satin farko ya rantse miki cewa za ta yi tafiya ko ba za ta yi ba, ko a Tahoua ko a Yamai ko a Faransa. Amma fa wannan ba ya nufin ana cikin duhu ne. An san abubuwa da yawa kan yara irin ɗiyarki, kuma mafi yawan abin da aka sani yana gefen alheri ne. Akwai kuma hanyoyin da za a bi a ƙara sani nan da ƴan watanni, waɗanda ba sai an sai da babur ba.

Mu fara da murmushi da wuya tunda nan ne aka fi tayar miki da hankali. Ciki cikakke sati 40 ne. Ke kin haihu a sati 30, wato ta riga lokacinta da sati 10. Yau tana da sati 11 a duniya, ki cire goman nan, saura ɗaya. A lissafin jikinta da ƙwaƙwalwarta ɗiyarki jaririyar sati ɗaya ce. Don Allah wa ya taɓa ganin jaririyar ranar suna tana ɗaga wuya tana yi wa ƴan barka murmushi? Haka likitocin yara suke ƙirga wa bakwaini kwanakinsa har ya kai wajen shekara 2. Da wannan lissafin ne za ki jira murmushi a sati 6 zuwa 8, tsayuwar wuya a wata 3 zuwa 4, zama tsakanin wata 6 da 9, tafiya kuma daga shekara 1 har zuwa wata 18 duk daidai ne, ko wanne ki ƙara masa satin nan goma a kan ranar haihuwa. Ki rubuta ranar da ya kamata a ce an haife ta a bangon karne ɗinta don duk wanda ya duba ta ya gani. Allurar rigakafi ce kaɗai ba a yi wa wannan ragin, ita daga ranar haihuwa ake ƙirgawa, kar ki bari a ce miki ta yi ƙanƙanta a ɗaga.

Yanzu jinin. A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu ramuka masu ruwa, kowa na da su, ni da ke ma. A gefen ramukan nan, a jikin ɗan tayi, akwai wani wuri mai tarin ƙananan jijiyoyin jini marasa ƙwari, a nan ake ƙera sabbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma wurin yana ɓacewa da kansa idan ciki ya kai wajen sati 34. Yaron da ya fito kafin nan ya fito da jijiyoyin nan a yadda suke, ga wahalar numfashi ga gudun jini yana hawa yana sauka, sai wata ta fashe, yawanci cikin kwana uku na farko, shi ya sa ake yin hoton a satin farko. Wata likita a Amurka, Lu-Ann Papile, ita ce a 1978 ta raba abin mataki huɗu, har yau da rabonta ake aiki. Na 1 jinin ya tsaya a inda ya fita. Na 2 ya zuba cikin ramin ruwan amma bai kumbura shi ba. Na 3 ya cika ramin har ya faɗaɗa shi. Na 4 kuwa naman ƙwaƙwalwar da ke gefe ma ya taɓu. Na 3 da na 4 su ne masu sa mu zauna da iyaye mu yi doguwar magana. Na 1 da na 2 jiki yana shanye jinin da kansa cikin satittika, kuma mafi yawan yaran suna tashi suna tafiya suna magana suna shiga lakwal. Ba zan ce miki haɗarin sifili ne ba, wasu bincike sun nuna yana ɗan fin na bakwainin da bai zubar da jini ba sam, amma tazarar ba babba ba ce, kuma ko kusa bai kai abin da aka faɗa miki a tsakar gida ba.

Bari in ba ki lamba ɗaya ki riƙe. A Faransa an bi yaran da aka haifa bakwaini a 2011, binciken da ake kira EPIPAGE 2, aka duba su da suka kai shekara 2. Cikin waɗanda aka haifa tsakanin sati 27 da 31, inda ɗiyarki ta faɗo, wajen 4 cikin 100 ne suka samu shanyewar jiki ta dalilin raunin ƙwaƙwalwa, abin da likitocinmu ke rubutawa IMC. Na sati 32 zuwa 34 kuwa 1 cikin 100. Na sani asibitocinsu ba namu ba ne, kayan aikinsu ba namu ba ne, ba za mu ɗauko lambarsu mu ɗora wa Tahoua kai tsaye ba. Amma ko da an ninka ta sau biyu ko sau uku, ki duba yawan waɗanda suka rage a ɗaya gefen.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne hoto ɗaya kawai kika ambata. Hoton satin farko kamar mutum ne ya je gona kwana bakwai bayan shuka ya ga tsiron hatsi, ya ga inda ya fito da kyau ya ga inda tsutsa ta ɗan taɓa, amma ba zai iya gaya miki dami nawa za a ɗaure ba. Akwai wani rauni da ya fi jinin mataki na 2 muhimmanci wajen maganar tafiya, shi ne na farin ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke kewaye da ramukan ruwan, ta nan ne jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa ƙafafu suke ratsawa. Idan wurin ya rasa isasshen jini ko iska, ko wata cuta ta shiga jinin jariri, yakan lalace ya bar ƙananan huji-huji, a takarda za ki ga an rubuta LPV. To huji-hujin nan ba sa fitowa a hoto sai bayan sati 2 zuwa 6, wato hoton satin farko ba zai iya ganinsu ba ko da akwai. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a maimaita ekografin, kuma mafi amfani shi ne wanda aka yi a daidai lokacin da ya kamata a haifi yaron. Ɗiyarki yanzu take wannan lokacin. Ki koma wajen likitan yara a cibiyar uwa da yaro ta nan Tahoua ko babban asibitin jiha, ki ce kina son a sake ETF, haka sunan hoton yake a takarda. Idan an riga an yi na biyu kafin a sallame ku ba a gaya miki ba, ki roƙi a nuna miki rizilta a karanta miki.

Ba abin tsoro ba ne ko kaɗan. Ana iya yi tana kwance a cinyarki, a shafa ɗan man nan mai sanyi a kan maɗiga, a ɗora kan na'urar a ɗan juya shi gaba da gefe, za ki ga baƙi da fari suna motsi a allon, wasu jariran ko farkawa ba sa yi. Minti goma zuwa sha biyar an gama, babu allura babu hasken rediyo irin na hoton ƙashi. Idan wannan hoton ya fito ramukan ruwa ba su faɗaɗa ba kuma babu huji, to ƙanwata ki yi sujudar godiya, don hoto mai kyau a wannan lokacin yana da ƙarfi sosai wajen nuna cewa babban ciwon shanyewar jiki da wuya ya zo.

Sai awon kai. Wani lokaci jinin da ya zuba yana toshe hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi, ruwa ya taru kai ya fara girma. A mataki na 2 ba kasafai ba ne amma ana sa ido. Duk zuwanki awo ki ce a zagaya kanta da mita a rubuta a karne, kar a tsaya ga kilo kaɗai. A watanni ukun farko kai yana ƙara wajen santimita 2 a wata. Idan kika ga yana gudu fiye da haka, ko maɗiga ta kumburo ta yi tauri alhali ba kuka take ba, ko amai mai tsiri, ko idanu suna kallon ƙasa farin sama yana bayyana, ko barcin da ba ta tashi shan nono, ko fizge-fizge, wannan ba na jiran randebu ba ne, a ranar za a tafi.

To maganar IRM. Ki gaishe min da maigidanki, namijin da zai ce a sai da abin neman abincinsa don ɗiyarsa ya cika uba. Amma ra'ayina kar a sai da babur ɗin nan yanzu. IRM tana ganin farin ɓangaren nan fiye da ekografi, wannan gaskiya ne. A 2006 an buga wani bincike na yara 167 da aka haifa a sati 30 ko ƙasa da haka a ƙasashen Niyu Zilan da Ostareliya, aka ga cewa waɗanda IRM ta nuna musu rauni mai yawa sun fi samun matsala a shekara 2. Sai dai a cikin waɗanda hotonsu ya nuna rauni akwai da dama da suka tashi lafiya lau, kuma wajen hankali da karatu hoton ba ya iya faɗin abu mai yawa. Har a Amurka inda na'urar take ko'ina, ƙungiyar likitocin yaransu a 2015 ta sa IRM ta kowane bakwaini cikin jerin abubuwan da ta ce a daina yi haka kawai, don ba a ga ta canza yadda yaran suke tashi ba. Ki ƙara da namu yanayin: daga Tahoua zuwa Yamai kusan kilomita 550 ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso, yini guda a mota cikin ƙura da tarin fasinja da jaririyar da huhunta bai gama ƙwari ba, sannan dole ta kwanta ba motsi wajen rabin awa ko fiye, wani lokaci sai an ba ta maganin barci, sannan a samu wanda ya saba karanta hoton ƙwaƙwalwar jarirai don ba irin ta manya ba ce. A ƙarshe ku koma gida da takarda mai cewa "wataƙila", babu babur, ga kuɗin mota zuwa awo, ga abincin da ke mai shayarwa kike buƙata.

Ban ce ba za a taɓa yi ba. Idan ETF na biyu ya nuna abin da ba a gane ba, ko kai yana girma, ko tana fizge-fizge, likitan yara da kansa zai rubuta ya turo ku, kuma a lokacin tafiyar tana da dalili. Tambayar da za ku yi masa ita ce, dakta idan an yi hoton nan me zai canza a maganinta? Idan ya ce babu, ku riƙe kuɗinku. Kuma kar wani ya ce ku yi sikana, wani irin hoton cikin kai na dabam, a madadinta don ta fi araha ba tare da likitan yara ya nema ba, ita tana da hasken rediyo kuma ba ta ganin irin wannan raunin da kyau.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji, don shi mutane ba su sani ba. Gwajin da ya fi kowanne iya hango maganar shanyewar jiki da wuri ba na'ura ba ce, kallon motsin jariri ne. Wani malami ɗan ƙasar Ostiriya, Heinz Prechtl, ya shafe shekaru yana ɗaukar jarirai a bidiyo, shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon a 1997. Sun gano cewa tsakanin sati 9 da 20 bayan ranar da ya kamata a haifi yaro, lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana sa jiki wani irin ƙananan motsi da ba ya tsayawa muddin yaron na farke cikin natsuwa. Ki lura da jaririn wata uku ko huɗu na maƙwabta idan an kwantar da shi a tabarma ya ƙoshi: wuyan hannu yana ɗan murɗawa, idon sawu yana ɗan juyawa, kafaɗa da ƙugu da wuya kowanne na ɗan motsinsa ƙanana-ƙanana ta kowace fuska, ba fizga ba ne ba rawar sanyi ba ce, kuma da an kira shi ko ya fara kuka sai motsin ya ɗauke. Yaron da wannan motsin ya bayyana a jikinsa da wuya ƙwarai ya samu shanyewar jiki. Wanda bai bayyana ba sam, ko wanda tun kafin nan jikinsa ke ƙanƙamewa gaba ɗaya ya saki gaba ɗaya, shi ake sa wa ido a fara masa aiki. A 2017 wasu masana daga ƙasashe da dama sun tattara binciken da aka yi, suka ce a hannun wanda ya samu horo wannan kallon yana kamo wajen 98 cikin 100 na yaran da za su samu ciwon, IRM kuma 86 zuwa 89, sai wani gwajin hannu na asibitin Hammersmith da ke Landan wajen 90, shi kuma likita ne zai ɗaga yaro ya juya shi ya duba ƙarfin wuya da taurin gaɓoɓi ya ba da maki.

Ga ɗiyarki lokacin da ya fi dacewa shi ne nan da kamar wata uku, sadda za ta kai wata biyar zuwa shida da haihuwa. Ki shimfiɗa zane marar ado, ki kwantar da ita rigingine daga ita sai kunzugu ko ƴar shimi, ɗakin da ɗumi, tana farke ba yunwa ba kuka, kar a ba ta abin wasa kar a yi mata magana kar a taɓa ta. Ki tsaya ta wajen ƙafafunta ki ɗaga waya sama yadda za a ga jikinta duka har tafin hannu da yatsun ƙafa, ki ɗauka minti 3 zuwa 5. Bayan sati biyu ki sake. Ki kai wa likitan yara ko mai kine, wato mai aikin motsa gaɓoɓi, ki tambaye su ko akwai wanda ya koyi wannan gwajin na Prechtl ko suna da wanda za su tura wa. Ko ba a samu ba bidiyon zai nuna musu yadda take a gida, abin da ba za su gani ba a minti biyar ɗin da take tsala ihu a kan teburin awo. Roƙona ɗaya, kar ki zauna ke kaɗai da dare kina maimaita bidiyon kina yanke hukunci, kuma kar ki watsa shi a gurup ɗin WhatsApp na dangi kowa ya tofa. Ido mai horo ake buƙata.

Alamomin da ke da kanki za ki iya lura da su daga baya, duk da lissafin cire sati goma: hannu a dunƙule kullum bayan wata 4, wuya bai tsaya ba a wata 4, ƙafafu suna sandarewa suna harɗewa idan an ɗaga ta ko wajen sa mata wando, amfani da hannu ɗaya kawai kafin shekara, rashin zama a wata 9. Ganin ɗaya ba hukunci ba ne, dalilin komawa likita ne da wuri.

Akwai abu biyu da ba ki ambata ba kuma ɗaya na gaggawa ne. Ido. Bakwainin da bai kai kilo 1 da rabi ba, musamman wanda aka sa wa iskar oksijan, jijiyoyin bayan idonsa na iya tsirowa a karkace har su makantar da shi, ana fara dubawa tun yana wajen sati 4, kuma idan an kama da wuri ana magani. Idan ba a taɓa ɗiga mata magani a ido likitan ido ya leƙa ciki ba, wannan satin ki nema, kar ki jira. Idan aka ce sai Yamai ake yinsa, to wannan ita ce tafiyar da ta cancanci kuɗin mota. Na biyu kunne, don ciwon shawara mai tsanani da wasu alluran da ake yi wa jarirai a asibiti suna iya taɓa ji, yaron da ba ya ji kuma ba zai yi magana ba sai a ce ba shi da hankali alhali kunne ne.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne abin da za a yi wa yarinya daga yau, kuma wannan yana da nauyi sosai a yadda za ta tashi, don ƙwaƙwalwar jariri tana cikin gini ne, inda wata hanya ta lalace sau da yawa takan buɗe wata idan ana motsa ta. Ki ci gaba da kangaru, fata da fata a ƙirji, muddin tana yarda. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kuvez, yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa duk bakwaini awa 8 zuwa 24 a rana, kuma binciken da aka buga a 2021 wanda aka yi a Gana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya ya nuna fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. Nono zalla har wata 6, ba ruwa ba bauri ba zuma. Ki tambayi maganin ƙarin jini na ɗigawa don bakwaini yana fitowa da ƙarancin ajiyarsa. Gidan sauro kullum. Idan hunturu ya shigo hula da safa, amma kar a rufe ɗaki da garwashi ko turaren wuta. Zazzaɓi ko jiki ya yi sanyi ko ta ƙi nono, asibiti a take. Kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati tun 2006, duk da mun san wani lokaci magani kan yanke sai an sayo a farmasi, to ki ajiye ɗan abin da za ki iya don ranar. Sannan ki yi mata magana, ki yi mata waƙa, ki kalli idonta lokacin shan nono, idan tana farke kina kusa ki riƙa kifa ta a ƙirjinki ko a cinya na ɗan lokaci don wuya ya yi ƙarfi, barci kuma a rigingine.

Beli kam a'a, da babbar murya. Jinin jikinta gaba ɗaya bai wuce rubu'in lita ba, abin da babba zai zubar bai ji ba ita zai iya tafiya da ita, ga cutar da aska ke sawa, ga ciwon da zai hana ta kama nono. Beli ba shi da alaƙa da wuya ko murmushi ko tafiya. Amma kar ke ki tsaya jayayya da Hajiya, ba za ki ci riba ba, kuma na tabbata tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, a zamaninsu bakwainin kilo ɗaya da ƴan kai ba ya cika kwana. Ɗanta ne zai yi mata magana, cikin ladabi, ya ce likita ya hana. Ku tafi da ita randebu na gaba ta ji lissafin sati goman nan daga bakin likita. Ku kuma ba ta aiki, kaka ma tana yin kangaru, ki ɗaura mata jikarta a ƙirji da hantsi ke ki samu ki runtsa. Addu'a da tofi kuwa a yi ta yi, abin da za a ɗura mata a baki ne kawai muka hana.

Idan kuma Allah ya ƙaddara nan gaba aka ce akwai rauni, ina so ki san shi ma ba yadda ake faɗa yake ba. Raunin ba ya ƙaruwa, ba ya yaɗuwa, ba shan inna ba ne ba aikin iska ba ne ba kuma alhakin kowa ba ne. Cikin yara uku masu wannan ciwon na shanyewar jiki biyu suna tafiya, kusan rabinsu hankalinsu daidai yake da na kowa. Amfanin ganowa a wata biyar maimakon shekara biyu shi ne a fara kine tun gaɓoɓi ba su sandare ba, a koya miki yadda za ki riƙe ta da zaunar da ita da wasan da zai sa ta miƙa hannu da kanta.

Ke ma a duba ki. Haihuwa kafin lokaci ba laifinki ba ce, a 2020 yara miliyan 13.4 aka haifa haka a duniya, kusan ɗaya cikin goma, sau da yawa ma ba a gano dalili. Rashin barcin nan idan ya zo da kuka kullum da ƙin abinci da jin ba ki da amfani har ya wuce sati biyu, ki gaya wa sajfam ko likita, ciwo ne da ke kama masu jego kuma ana maganinsa. Ki kuma ba jikinki hutu kafin wani cikin, kamar shekara 2, idan ya samu ki fara awo da wuri ki faɗa musu kin taɓa haihuwa a sati 30, akwai alluran da ake yi wa uwa idan naƙuda ta taso da wuri don kare huhu da ƙwaƙwalwar jariri.

Ranar da za ki koma ki haɗa karne da takardar sallama da takardar hoton farko a leda ɗaya, ki sa a rubuta miki tambayoyinki a takarda tun daga gida don kar su ɓace miki a gaban likita: ETF na biyu, awon kai, ido, kunne, maganin ƙarin jini. Ku shiga tare da maigidan. Idan an yi hoton ki turo min abin da aka rubuta da lambobin awon kan, mu duba tare. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan wahala.